Tanko, Murɗa

Wannan babin saboda kakarku ta wajen uwa na rubuta shi, Inna Kulu, Allah ya haskaka kabarinta. Na ji har yanzu akwai masu gaya muku cewa a ƙarshen rayuwarta iskoki suka kama ta, kuma wai ubanku ne ya kore su da kiɗan nasara. Duka biyun ba haka ba ne. Ni ko akuya ban iya kora daga bakin shago ba, balle aljani. Zan rubuta da Hausar rediyo don 'ya'yanku na Kano su gane, amma maganar mutane zan bar ta yadda ta fito daga bakinsu. In kun ga kuskuren rubutu ku yi haƙuri, karatuna na boko rabinsa a bakin taga na yi shi, kuma daga waje.

Abin ya faru ne a shekarar da faifan sidi ya kashe kaset a kasuwar Illela. Sunana Mamman, amma tun daga tasha har Konni, can ƙetaren iyaka, Ɗan Kaset aka sani. Da na ga kasa-kasaina sun fara zama abincin ƙura, sai na sayar da ragunan da nake kiwo na sayi tsohuwar kwamfuta, na koyi abu ɗaya tak a kanta: ɗauko sauti daga tsohon kaset in mayar kan sidi. Mutane suka riƙa kawo min wa'azin da iyayensu suka bari, da waƙoƙin noma, da kiɗan bikin da angonsa yanzu ba haƙori. Kuma kamar kowane mai irin wannan sana'a, ba na barin faifai ya fita shagona tsirara. Farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa sai na saka muryata, da amsa-kuwwa, ina tallan kaina. Ko karatun mamaci aka kawo min sai an ji Ɗan Kaset a ciki. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Surukina, kakanku Baba Alhaji Abubakar, bai taɓa taka ƙofar shagon nan ba. Attajirin albasa ne, mutumin sahun farko a masallaci, shi ya gina Islamiyyar da babban ɗansa, kawunku Malam Sahabi, yake koyarwa. Kowa a gidan ya san tarihinsa yadda shi ya bayar: ƙuruciyarsa duk a gabas ya yi ta wajen neman karatu, sannan ya dawo ya kama fatauci. Da na nemi auren uwarku cewa ya yi ba zai ba mai sayar da hayaniya 'yarsa ba. Inna ce ta tsaya min har aka ɗaura. Tun daga nan tsakanina da shi sai kunyar surukuta, wadda ni ta yi min daɗi ƙwarai, don ta ba ni hujjar gudu. In na hango rawaninsa a titi sai in faɗa lungu. In babu lungu sai in tuɓe takalmi in durƙusa, ido a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri can bayan kaina, kamar bango ne ya gaishe shi.

A wannan shekarar ne Inna ta fara rikicewa. Da farko ƙananan abubuwa ne, ta zuba gishiri a miya ta dawo ta sake zubawa, ta kira jika da sunan wanda ya daɗe a ƙasa. Daga baya sai wani abu ya shigo wanda ya tsorata gidan. Kullum in la'asar ta yi sai ta zauna a bakin ɗakinta ta kama rera wata murya, baki a rufe, babu kalma ko ɗaya. Ba waƙar daka ba ce, ba bege ba ce, ba ta Fulani ba ce, ba ta Zabarmawa ba. Ni da sana'ata sauraro ce ban taɓa jin irinta ba. Tana hawa tana sauka a hankali, kuma a kai a kai Inna takan ƙyasta harshe, tak, tak, kamar agogo. In ta kai tsakiya sai muryar ta ja ƙasa kamar mai suma, ta tsaya cak, ta waiwaya gefe ta ce:

"Tanko, murɗa."

Babu Tanko a gidan, babu shi a dangi. In ta faɗa ta ji shiru sai hankalinta ya tashi, ta miƙe ta kama nemansa ɗaki ɗaki. Wata rana ta fice ba wanda ya gani. A bakin iyaka aka tsince ta, ba takalmi, tsakanin tirelolin da ke jiran wucewa, tana bin direbobi tana tambayarsu ko sun ga Tanko. Malam Sahabi ne ya janyo ta daga gaban wata mota da ta riga ta tayar da inji. Ina gaya muku wannan don kada ku ɗauki kawunku mugu a abin da zai biyo baya. Mutumin da ya ɗauko uwarsa daga gaban taya ba ya ƙara yin barci daidai.

An yi addu'a, an sha rubutu, an je asibiti a Sakkwato aka ba ta ƙwayoyin da suke sa ta barci da rana, ta farka ta ɗora daga inda ta tsaya. Sai wani ya ba Malam Sahabi labarin mai magani can cikin daji, wanda ake kai masa irin waɗannan ya ajiye su har sai abin da ke jikinsu ya faɗi sunansa ya fita. Kowa ya san yadda ake ajiyewar, da mari a ƙafa. Ba wanda yake furta kalmar a gidan, amma uwarku takan dawo daga can ta zauna ta kasa cin tuwo. Aka tsayar da magana: in kasuwar Lahadi ta watse, motar gida ta dawo daga kai albasa, za a tafi da Inna. Baba Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Carbinsa kawai yake ja.

Ana cikin haka, wata safiya na hango rawanin nan yana tahowa, na faɗa lungun masu canji kamar yadda na saba. Sai na ji taku a bayana. Na ƙara sauri, takun ya ƙara. Lungun nan kuwa ba ya ɓullewa. Na kai bango na juyo na zube.

"Tashi, malam. Ka gaji da guduna, ni ma na gaji da bin ka."

"Ina kwana, Baba."

"An ce kana ɗauko murya ga tsohon abu ka aza ga sabo."

"Ana taɓawa, Baba."

"Ko abin ya girme ka?"

"In dai shina magana, Baba."

Ya duba bakin lungun, ya rage murya.

"Gobe in an yi azahar ka ishe ni gonata ta Lafani. Ka taho da rikodarka. Kada ɗiyata ta sani."

Ranar nan ban sayar da komai daidai ba. Na yi ta lissafin laifuffukana ina neman wanda za a kai mutum gona a kansa. Washegari na sayi sababbin batura, na ɗauki rikodata mafi kyau da sabon kaset, na hau babur. A cikin bukkar da ake ajiye albasa na same shi, shi kaɗai, ya sallami 'yan aiki. Ya janye tsofaffin buhuna, ya buɗe wata adaka, ya fito da baƙin akwati mai hannun juyawa a gefe. Garmaho ne, irin wanda ni sai a labari na san shi. Ya ajiye a tsakaninmu, ya juya min baya ya fuskanci zana, don ba maganar da suruki zai yi yana kallon surukinsa ba ce.

"Ni na Tanko," ya ce.

Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan albasa.

"Ban tahi gabas ba. Aikin boyi ni kai nan Konni, gidan wani likita Bafaranshe. Surukarka kuma tana renon ɗiyarsu, dukanmu ba mu hi ƙarhin bulala ba. Matar likitan kullum da la'asar sai ta kishingiɗa a aza mata wanga faifai. Aikina in tsaya kusa, in ƙarhin abin ya ƙare in murɗa. Ni ko akwai gyangyaɗi. Ita ka tashe ni kahin Madam ta lura."

Ya ci gaba da cewa da Faransawan za su koma ƙasarsu sai matar ta bar masa garmahon. Ya auri Kulu, suka tsallako Illela, ya kama albasa, Allah ya buɗa. A nan ba wanda ya san sunan Tanko, shi kuma bai ga dalilin tuna wa kowa ba. Ya ce karatun da ake ganin yana da shi gaskiya ne, amma da gemunsa ya yi shi, a ɓoye. Yanzu ga ɗansa malami, ga makaranta, ga iyayen yara da suke kawo 'ya'yansu saboda an ce gidan gadon karatu ne. Abin da yake so a wajena shi ne in ɗauke kiɗan in sa a sidi, in kawo gidan in ce a cikin hajata na tsince shi. In Sahabi ya ji da kunnensa cewa abin da uwarsa take rerawa kiɗa ne na mutane, ba na aljanu ba, ƙila ya fasa. Shi kuma asirinsa ya zauna a inda yake.

Sai ya warware wani tsohon rawani ya fito da faifan. Baƙi ne, mai nauyi kamar murfin tukunya. Sauran duk sun farfashe a tsawon shekaru, wannan kaɗai ya rage, shi ma tsaga ta taso daga bakinsa, siririya kamar gashi, ta doshi tsakiya.

"In allura ta bi shi sau guda," ya ce, "ban san ko shina ɗaukar na biyu ba."

Ni na saba da kaset, wanda in ya tsinke ka haɗa shi da jan farce, in ka yi kuskure ka mayar baya. Wannan kuwa babu baya. Hannun garmahon ma ya ƙi juyawa, tsohon mai ya daskare a ciki, sai da na kwance shi na wanke da kananzir na ɗiga man keke, surukina yana tsaye a kaina karo na farko a rayuwa. Alluran suna cikin wani ɗan gwangwani, duk sun yi tsatsa sai biyu. Na kafa rikodar a bakin akwatin, na tokare ta da albasa. Iska tana kaɗa zana, kurciyoyi sun cika bishiyar waje, can kuma ga jakin maƙwabcin gona a ɗaure yana kallonmu, irin kallon wanda yake da shiri a ransa. Na yi bisimilla na danna.

Da farko ba kiɗa aka ji ba, wani shuuu ne kamar ana suya a gida na uku. Sannan abin ya shigo. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ni da kalangu da goge suka rena. Kamar a jera ƙorai manya da ƙanana, ruwa yana ɗiga a cikinsu ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ya zubo gaba ɗaya, wani lokaci ya yi jinkiri har ka ce ya ƙare. Kuma ga tak, tak ɗin nan a kowane zagaye, daidai inda Inna take ƙyasta harshe. Gashin jikina ya tashi. Muryarta ce sak. Ina kallon tsagar nan tana zagayowa tana wucewa ƙarƙashin allura, kowane wucewa sai na ji kamar a kan haƙorina ne. Na daina numfashi sai ta gefen baki. Jakin nan ya zaɓi daidai wurin da kiɗan ya yi laushi ya saki kuka iya ƙarfinsa, ba halin in tashi in jefe shi. Muna kaiwa tsakiya sai sautin ya fara ja ƙasa, yana kasala, yana mutuwa. Kafin in ɗaga ido hannun Baba Alhaji ya riga ya kai kan mariƙin, yana murɗawa da sauri, bakinsa kuma ya suɓuce da wata 'yar siririyar murya wadda ban san yana da ita ba:

"Wi, Madam."

Wato to, uwargida, da Faransanci. Kiɗan ya miƙe ya ci gaba. Ni ban ji komai ba, shi ma bai faɗi komai ba, haka muka yi yarjejeniya ba tare da mun kalli juna ba. Da aka kai ƙarshe ya ɗaga allurar, ya sa hannu biyu zai ɗauke faifan, sai ya taso masa gida biyu, rabi a dama rabi a hagu. Ya daɗe yana kallonsu.

"To," ya ce. "Yanzu sai abin da ke hannunka."

Kaset ɗin nan a cikin hulata na sa shi har gida. Kowane rami babur ya faɗa sai na dafe kai.

Rabin faifan mai rubutu na kai wa wani tsohon mushe, wato malamin makaranta, da ke zuwa shagona daga Konni, ban gaya masa na waye ba. Ya sa tabarau ya ce wannan kiɗan fiyano ne, wani akwatin kiɗa na Turawa da ake dannawa da yatsu goma. Ya ce wanda ya kaɗa ya daɗe da mutuwa, wanda ya ƙago kiɗan kuwa ya riga shi da nisa. Ya ƙara da cewa a ƙasashensu yanzu ana tono irin waɗannan tsofaffin faya-fayan, a wanke ƙarar da ke cikinsu tas, a sake fitar da su a sidi kamar jiya aka kaɗa. Kalmar wankewar nan ita ta shige min kai. Na ce ashe ni da Turawa sana'armu ɗaya. Na rufe shago na zauna gaban kwamfuta, na bi shuuu ɗin nan na rage shi har ya kusa ɓacewa. Na bi tak, tak ɗin ɗaya bayan ɗaya na tsince su kamar tsakuwa a shinkafa. Na yanke jaki, na yanke kurciyoyi. Wurin da kiɗan ya yi kasala, da muryar surukina a ciki, na datse shi gaba ɗaya na haɗa bakin, har ina yaba wa kaina da cewa na rufa asiri kuma na gyara kiɗa a aiki guda.

Ranar Juma'a da la'asar na ɗauki rediyona mai sidi na nufi gidan. Na ce da Malam Sahabi na tsinci wani abu a cikin kaya da nake so Inna ta ji. Ya dube ni irin duban da malami yake wa mai kiɗa, amma ya bari. Aka taru a tsakar gida, mata daga bakin ƙofofi, Baba Alhaji a kan buzunsa can gefe kamar abin bai shafe shi ba. Na danna. Kiɗan ya fito fes, ni kaina na ji daɗinsa. Inna tana zaune tana tsifar gefen zaninta. Ba ta ɗago ba. Na ƙara sauti. Ta kalli wata kaza da ke wucewa. Zufa ta fara bin bayana. Na ce a raina bari dai a kai tsakiya. Aka kai tsakiya, sai ga wata murya ta fasa gidan, da amsa-kuwwa:

"Ɗan Kaset, set, set, Illela kan iyaka, ka, ka, sai kun zo."

Tallan farko da na ƙarshe na tuna ban saka ba. Na tsakiyan hannuna ne ya saka da kansa, tsabar sabo. Inna ta firgita ta rarrafa cikin ɗaki. Wata daga cikin matan ta toshe baki da mayafi. Malam Sahabi bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Mamman, uwarmu ba ta da lahiya. In talla ka zaka yi, kasuwa na nan jibi."

Ban kalli wajen buzun ba. Na naɗe wayar rediyona na fita, takalmina a hannu har titi.

Kasuwar Lahadi ta zo ta wuce ban san me na sayar ba. Faifai ya fashe, wankina bai yi ba, mota kuma an ce Litinin da la'asar, in rana ta yi sanyi. Da hantsin Litinin ɗin ina zaune a ɗaki na sa ainihin kaset ɗin gona a rikoda, ina neman inda na ɓata. Ban san uwarku tana bakin ƙofa da tsintsiya ba. Sai na ji tsintsiyar ta faɗi.

"Wagga ita ta waƙar Inna."

"Ita na kai ran Juma'a."

"A'a. Waccan ban san ta ba. Wagga ita ta."

Na kai hannu zan kashe kafin a iso wurin nan, ta riƙe min hannu. Kiɗan ya ja ƙasa, muryar ta fito. Mace ba ta ɓata muryar ubanta, ko da ya mayar da ita ta yaro. Ta zauna a ƙasa a inda take. Ban da zaɓi, na gaya mata duka. Da na gama ba ta yi kuka ba, mayafinta ta jawo.

"Tashi ka aza shi ga faifai yadda shi ke. Kada ka taɓa komi."

"Amana ta, Baba ya ba ni. In anka ji wanga, an ji shi."

"Amanar Baba, ko ƙahwar Inna?"

"Ke ba ki san abin da za a ce da shi cikin gari ba."

"Na sani. Na kuma san abin da za a sa mata yau in rana ta hwaɗi."

Na mayar da shi kan sidi yadda yake, da suyarsa da jakinsa da komai. Ina yi ina jin kamar ina haƙa ramin da ni da surukina za mu faɗa tare.

Da muka isa motar tana ƙofar gida, an riga an sa ƙullin kayan Inna a baya. An yi mata wanka an sa mata sabon zane da sababbin takalma, an ce mata suna za a je. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana murmushi, tana tambaya ko ɗan wa aka haifa. Malam Sahabi ya gan ni da rediyo ya tare ni.

"Ka yi wasanka ran Juma'a, mun gani."

Na kewaye shi, abin da ban taɓa yi ba. Na je har gaban buzun Baba Alhaji na durƙusa, na ajiye faifan a gabansa, na yi masa magana a gaban 'ya'yansa, abin da shi ma ban taɓa yi ba.

"Baba, wanga ban wanke ba. Duk abin da anka yi cikin bukka shina ciki. Duka."

"Wace bukka?" in ji Malam Sahabi.

Carbin ya tsaya a hannun tsohon. Ni dai ƙasa nake kallo, ina jin bugun zuciyata a kunne, ina tunanin in ya ce bai san zancen ba to na gama yawo a gidan nan. Na saci kallo na ga ba faifan yake duba ba, ƙafafun Inna yake duba, da sababbin takalman nan. Ya sa yatsa ɗaya ya turo min faifan.

"Aza."

Tun kafin kiɗan ya shigo, shuuu ɗin nan kawai, Inna ta ɗago kai. Ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya kamar yarinyar da aka ce ta natsu. Da tak na farko ya zo harshenta ya ƙyasta tare da shi. Ta kama rerawa, ita da rediyon kamar bakinsu ɗaya, inda ya hau ta hau, inda ya jinkirta ta jira shi. Tsakar gidan nan ko tari babu. Malam Sahabi ya jingina da bango. Sai kiɗan ya fara ja ƙasa, muryarta ta bi shi, ta waiwaya gefe.

"Tanko, murɗa."

Rediyon ya amsa mata da muryar da kowa a gidan ya sani: "Wi, Madam."

Ba a gama juyowa ana kallonsa ba, Baba Alhaji ya riga ya miƙe. Ya tako da rawaninsa da babbar rigarsa, ya durƙusa a gefen rediyona, ya kama iska a inda mariƙi ya kamata ya kasance, ya shiga murɗawa. Kiɗan ya miƙe. Inna ta harare shi.

"Ka cika nawa yau. Sai Madam ta gane ka."

"Na taho, Kulu. Ga ni."

Sunanta ya kira, a gaban 'ya'ya da surukai. Ta ci gaba da rerawa har ƙarshe, sannan ta yi hamma ta ce a ba ta fura. Ba ta tashi neman kowa ba. Malam Sahabi ya taso daga jikin bangon nan.

"Baba, gabas ɗin da ka ce?"

"Arewa ta, Sahabi. Ga ta nan, tahiyar jaki. Zamna in hwaɗa maka."

Bai zauna ba tukuna. Ya fita waje, ya sauko da ƙullin kayan uwarsa da hannunsa, ya mayar ɗakinta, ya ce da direba ya je ya huta.

Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Magana ba ta kwana a gida mai mata da yawa. Kafin Lahadi ta zagayo, 'yan canji suna kiran kakanku Tanko boyi in ya ba da baya, 'yan babur suna ce wa juna wi madam in za su ba da hanya. Wasu iyaye sun janye 'ya'yansu daga makarantar, suka ce ashe gadon ba gado ba ne. Kawunku ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da kai, kuma ban ga laifinsa ba, ni na shigo da rediyon da ya canza masa uba. Inna kuma ba warkewa ta yi ba, wannan ciwon ba ya warkewa. Ta ci gaba da mantuwa har ta manta uwarku. Amma a ɗakinta ta ƙare kwanakinta, a kan gadonta, ba abin da ya taɓa ƙafarta sai lalle.

Kullum la'asar ni nake kai rediyon, don tsohon ya ce shi bai iya danna abin zamani ba, murɗawa kawai ya iya. In zauna can nesa a durƙushe, shi a gefen rediyo yana jiran wurinsa. Wata rana da aka zo inda jakin nan yake kuka, Inna ta tsaya da rerawa ta ɓata fuska.

"Wa ya bar jaki ya shigo gidan Madam?"

Baba Alhaji bai ko waiwayo ba, ya nuna ni da haɓa.

"Ga shi can durƙushe. Surukinki na, ke kika ce a ba shi."

Wannan shi ne wasa na farko kuma na ƙarshe da ya taɓa yi da ni, kuma har yau ban sami yabon da ya kai shi ba.

Faifan yana cikin adakata, tare da rabi biyun nan na faifan garmaho a naɗe cikin rawaninsa. Shi kaɗai ne aikin da ya fita hannuna babu tallana a ciki, ko da yake in kun kasa kunne za ku ji wani yana numfashi ta gefen baki kamar ɓarawo a bayan ƙofa, to ubanku ne. Sidi ma yanzu ya bi kaset, na sani. Duk wanda ya gaje shi a cikinku ya mayar da shi kan ko mene ne zamani ya kawo. Amma kada ya wanke shi.